Kaset ɗin Baba a Motar Kaji

Akwai wata ranar Talata a Jidda da ba za ta taɓa fita raina ba, ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina. Shekaru sun ja, na daɗe da barin tuƙin motar kaji, amma har yau in na ciro gorar ruwa daga firji na ga tana gumi a hannuna, sai gabana ya faɗi.

A lokacin ina tuƙa barrada, wato motar nan mai firji a baya. Ina ɗaukar daskararrun kaji daga wani sito a Khumra ina rarraba wa gidajen abinci. Ni ɗan Damagaram ne, kuma kamar yawancin sa'o'ina, na taso da haukan wata ƙungiyar 'yan jita ta ƙasarmu. Rok suke yi, amma rok irin namu, jita uku masu lantarki da ganguna, waƙa kuma da Hausa tsantsa. Babban mai jitarsu bahago ne, kuma wanda bai taɓa jin hannunsa ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Sun yi wani babban wasa a filin ƙwallo ina ɗan saurayi, ban samu shiga ba, daga bayan katanga na saurara. Bayan 'yan makonni bahagon ya rasu a hatsarin mota, ƙungiyar ta watse.

Abin da ya rage mana na wannan wasa wani guntun bidiyo ne da aka kwafa daga kwafi, aka sake kwafa, har fuskoki suka koma kamar hayaƙi. Muna da zaure a waya, mu masoyansu: direbobi, teloli, masu gadi, daga Jidda har Yamai har Kano. Shekara da shekaru maganarmu ɗaya ce, wai ina ma a ce wata rana a fito da wasan nan tas, mu ga yatsun bahago a kan jita. Muna ta faɗa a kan wace waƙa ya buɗe da ita, alhali ba mai hujja. Sai ga shi waɗanda suka rage a raye cikin 'yan ƙungiyar sun yi sanarwa cewa suna son fitar da tsofaffin wasanninsu da hoto mai kyau, duk mai kaset na asali ya taimaka. Zaurenmu ya ɗauki zafi, amma kaset na wancan wasa ba wanda ya san inda ya shiga.

Ashe yana Jidda, kuma kullum ina gaisawa da mai shi.

Akwai wani dattijo mai gadi a siton da ke kusa da namu, mutumin ƙasarmu, kowa Baba yake ce masa. Ba shi da yawan magana. Wata safiya ina jiran a yi mini lodi, na ƙure waƙar bahago a mota, sai na gan shi tsaye a gefen taga. Na ɗauka faɗa zai yi mini a kan ƙara, na kai hannu zan rage. Ya ce, "Bar shi, ɗana." Ya saurara har ta ƙare, sannan ya ce, "Ƙanena ne."

Na sauko daga mota ban san na sauko ba. A hankali, cikin kwanaki, na ji sauran labarin. Can gida Baba mai ɗaukar bidiyon biki ne. Bai taɓa yarda da sana'ar ƙanensa ba, har sun shekara ba sa magana saboda jita. Ranar wancan wasa ne zuciyarsa ta sauko, ya ɗauki kyamararsa ya tafi filin ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Shi ya ɗauki wasan daga farko har ƙarshe. Kwafi ɗaya ya taɓa yi wa wani aboki, na waƙoƙin kawai, daga nan ne hayaƙin da muke kallo ya samo asali. Na asalin kuwa yana ƙasan akwatinsa a ɗakinsa da ke unguwar Nuzla, kuma ya fi shekara goma sha biyar bai gan shi ba, tun da na'urar bidiyonsa ta mutu.

Sau uku ina zuwa ɗakinsa a Nuzla kafin ya yarda. A zuwa na uku ya ce mini, "Ku kiɗa kuke so, ku ɗauki kiɗanku. Ni farkon nake so." Ya ce kafin su hau dandamali ya zagaya baya da kyamara a kunne. Ƙanen nasa yana sunkuye yana ɗaure wayar jita, ya ɗago ya gan shi, ya yi masa magana kamar ta minti biyu. Wannan ce maganarsu ta farko bayan shekara guda, kuma kusan ita ce ta ƙarshe. Baba ya ce, "Muryarsa ta waƙa tana ko'ina, ko a motarka na ji ta. Muryarsa ta magana ce ta fara ɓace mini. Babu ita a ko'ina a duniya sai a farkon kaset ɗin nan." Na dafa ƙirji na rantse masa cewa zan kai wa gwani ya juye shi a kwamfuta, in dawo masa da kayansa yadda ya ba ni, da minti biyunsa a waya ya riƙa kallo duk sanda ya so.

Kuskurena na farko bakina ne. Tun kaset bai zo hannuna ba na shiga zaure na yi shela. Ni mutum ne mai son a ce ni ne, wannan hali na san ina da shi, kuma a wannan mako ya samu abinci. Saƙonni suka riƙa shigowa kamar ruwan sama. Har aka jawo tsohon mai gangar ƙungiyar cikin zauren, ya turo murya yana sa mini albarka. Kaina ya kumbura ya fi na kowa a Khumra.

Ranar Talatar na biya Nuzla da sassafe. Baba ya miƙo mini kaset ɗin naɗe cikin wani tsohon rawani, an sa a leda an ƙulle. Ya riƙe gefe ɗaya na riƙe ɗaya, sai da ya ɗan jima kafin ya saki.

Tsakiyar zafi ne, irin zafin Jidda da ake fitowa daga wanka ana gumi. Na'urar sanyin gaban motata ta lalace tun mako biyu, wajen zaman direba kamar tanda. Na tuna yadda kaset ɗin waƙa ke lanƙwashewa in an bar shi a mota. Sai dabara ta faɗo mini, dabarar da ba mai yin ta sai direban barrada. A aikinmu sanyi shi ne maganin komai. Abin da kake tsoron ya lalace, ka jefa shi baya. Na buɗe firjin, na ɗora amanar Baba a saman kwalayen kaji, na rufe, ina yaba wa kaina hankali. Awa huɗu yana ciki ina zagayen raba kaya.

Gwanin da zan kai wa yana Ruwais, kusa da teku. Wani dattijo ne haifaffen Jidda, kakanninsa suka zo aikin hajji a ƙafa suka zauna. Aikinsa juye tsofaffin kaset na biki zuwa kwamfuta, kuma kowa Ammi yake kiransa. Hausarsa rabi Larabci ce, kaset ma sharit yake ce masa. Na iso ana kiran sallar azahar, shi kuma yana naɗe hannun riga. Ya nuna mini tebur da haɓa, ya ce, "Ajiye sharit ɗin a nan, ya waladi, kada ka taɓa komai. Yalla, salla." Na ce masa na yi fakin a mugun wuri, bari in gyara in biyo shi. Ya kashe na'urar sanyi, ya ja ƙofar shagon rabi, ya tafi. Bai taɓa ledar ba. Da ya taɓa ta ko da ɗan yatsa, da wannan labari bai faru ba.

Ban je gyara mota ba, ban kuma bi shi masallaci ba, wannan ma yana cikin abin da nake jin kunyarsa. Wayata ce ta riƙe ni. Na riga na faɗa wa zaure cewa na iso, ga mutane suna roƙo. Wani ya ce ko hoto ɗaya. Wani ya ce anya ma kaset ɗin ne, kada dai tsoho ya ba ni bikin 'yarsa. Mai gangar ya sake turo murya, tana rawa irin ta tsufa: "Ɗan'uwa, ko fuskarsa ce nuna mana." Ana haka kuma shugaban aikinmu yana ta kira, wai wani gidan abinci na jiran kaji. Na dubi na'urar bidiyon Ammi, ga ta a kunne, ga talabijin a samanta. Na ce a raina, me zai faru? Sakawa ce kawai, in ɗauki hoto ɗaya, in cire.

Na kwance ledar na warware rawanin. Kaset ɗin sanyi ƙarara, har yana cizon yatsa, kuma nan take na ga ya fara gumi, ɗigo-ɗigo a jikin robar. Ban damu ba, ai kullum haka kwalayen kaji ke yi in na sauke su. Na goge shi da gefen rigata har ya bushe. Bai zo mini a rai ba cewa abin da ke faruwa a waje yana faruwa a ciki, a jikin zaren da ke ɗauke da hoton.

Na tura shi. Na'urar ta haɗiye, ta yi ɗan gurnani, allon ya yi shuɗi, sai hoto ya fito.

Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Tas, kamar jiya aka ɗauka. Katangar filin ƙwallo, hasken la'asar, ga mutum a zaune bisa akwatin lasifika da farin rawani, jita a cinyarsa ta juya hagu. Ya ɗago kai. Idanunsa suka buɗe, ya saki dariya har na ga wushiryarsa, wadda shekara ashirin ina kallon hayaƙi ban san yana da ita ba. Ya ce, "Yaya! Ashe ka zo?"

Daga nan hoton ya yi rawa. Muryar ta ja ta yi kauri, sai na ji wani ƙuruƙuru daga cikin na'urar, kamar ana murƙushe leda. Allon ya koma shuɗi.

Na danna maɓallin fitarwa, ba abin da ya fito. Na sake dannawa, na sake, ƙarar tana ci gaba. Can kaset ya leƙo rabi ya tsaya, baƙin zare yana riƙe da shi daga ciki. A nan ne na yi abin da ya fi duk sauran muni. Maimakon in zare wuta in zauna, sai na kama na ja. Na ji ya miƙe, na ji ya ba da kai, na ji ya tsinke.

Na tsaya da kaset a hannu, zare yana reto. Masallacin yana bayan shagon, ana jin lasifika. Azahar ba a bayyana karatu, kabbara kawai ake ji, sai shiru, sai wata kabbarar. Na tsaya ina ƙirga su, ina so a idar, ina kuma tsoron a idar. Waya tana ta kuka a aljihuna. Rigata ta jiƙe sharkaf. Abin da kawai nake gani shi ne hannun Baba da safen nan, yadda ya ƙi sakin ledar.

Ammi ya ɗaga ƙofa ya shigo da tasbaha a hannu. Ya dube ni, ya dubi zaren. Ya karɓi kaset ɗin, sanyin ya taɓa shi. Ya ce, "Wannan daga ina ya fito?" Na faɗa masa. Ya juya harshe zuwa Larabci ya wanke ni tas, rabin abin da ya faɗa ban gane ba, kuma na gode Allah da ban gane ba. Da ya sauko ya ce, "Kai ba ka san rutubar Jidda ba? Iskar nan ruwa ce! Abu mai sanyi in ya fito, yini guda ake barinsa ya huce. Jiƙaƙƙen sharit mannewa yake yi. Minti goma kawai ka kasa jira na, minti goma!"

Ya kwance murfin na'urar. A ciki akwai wani ƙarfe mai sheƙi da ke juyawa yana karanta hoton, zaren ya nannaɗe shi ya cukurkuɗe. Ammi ya ɗauki kusan awa yana warwarewa da ɗan hantsaki, ni ina tsaye a kansa ba na ko numfashin kirki. Inda bai tsinke ba ya miƙe ya zama siriri. Inda bai miƙe ba, baƙin jikinsa ya saɓule ya manne a ƙarfen, ya bar roba fara da ake hango yatsa ta cikinta. Ya auna abin da ya lalace da hannuwansa, tsawonsa ya kai gaba guda da rabi da ɗan ƙari. Na tambaye shi minti nawa ke nan. Ya ce, "Biyu, ko biyu da kaɗan. Wannan halas, ba mai dawo da shi. Sauran in ya bushe kwana uku, in sha Allah zai fita."

Ban ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa bakina ƙarya ce. Na ce, "Ammi, ai za a iya cewa tsufa ne ya cinye farkon, ko?" Ya zuba guntayen zaren a ambulan ya miƙo mini. Ya ce, "Ni ba zan je in faɗa masa ba. Amma in ya zo ya tambaye ni, ni yanzu na fito daga salla."

Kwana ukun nan ban san yadda na yi su ba. Na canza hanyar shiga sito don kada in bi ta ƙofar Baba. Ranar Juma'a da safe Ammi ya kira ni. Ya haɗa zaren ya juye wasan gaba ɗaya, awa biyu cur, ba ko ɗigo. Yana farawa daidai lokacin da suke hawa dandamali, jama'a na ihu. Na tura wa mai ganga, shi kuma ya saki guntu a zaure. Mutane suka haukace. Wani direba daga Yamai ya turo murya yana kuka. An warware gardamar waƙar buɗewa, kuma duk mun yi kuskure. Suna ta kirana gwarzo, ni kuwa kowane yabo kamar ana ɗora mini dutse.

Bayan sallar Juma'a na hau matattakalar gidan su Baba a Nuzla, kaset a hannu ɗaya, ambulan a aljihu, ƙaryata kuma na shirya ta tsaf. Ya buɗe ƙofa sai na ga ya sa babbar riga, wadda ban taɓa ganinsa da ita ba. Ya share ɗaki, ya turara, ya dafa shayi, kamar mai jiran baƙo daga nesa. Ya zauna ya gyara tabarau ya ce, "To, ɗana, kunna mini daga farko."

Ƙaryar ta maƙale. Na ciro ambulan na ajiye a gabansa, na faɗa masa komai, tun daga kwalayen kaji har jan da na yi da hannuna. Ban rage ko ɗaya ba.

Ba abin da ake ji sai kakarin tsohuwar na'urar sanyi a bango. Ya buɗe ambulan ya zazzage zaren a tafin hannunsa, yana shafa shi da babban yatsa. Na so ya zage ni, na so ya tashi ya mare ni, da ya fi mini sauƙi. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka ce ya fara kafin ya kama?"

Na ce, "E, Baba."

"Ka gan shi ke nan."

"Na gan shi."

"Me ke kansa?"

Na ce farin rawani. Ya gyaɗa kai. Ya tambaye ni ko ya yi dariya, na ce ya yi, har na ga wushiryarsa. Ya ce, "Me ya ce?" Na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce, "Ba haka ba. Yadda ya faɗa. Kai ne na ƙarshe da ya ji, faɗa mini yadda ya faɗa."

Ni, ƙato da ni, na zauna a gaban tsohon nan na kwaikwayi muryar mamaci, da ɗagawarta da mamakinta. "Yaya! Ashe ka zo?" Ya rufe ido ya ce in sake. Na sake. Sau uku ina faɗa. Ya mayar da zaren cikin ambulan ya sa a aljihun babbar rigarsa, ya ce, "Sauran ni kaɗai na sani yanzu. Tashi ka tafi, yau ba na son ganinka." Shayin ko zubawa ba a yi ba.

Bayan wasu watanni aka fitar da wasan a hukumance, da hoto mai kyau kamar yadda muka shekara muna fata, har da godiya ga wani masoyi a Jidda. Na ga mutane suna rubuta cewa komai ya yi, sai dai an fara shi kwatsam, ina ma an nuna bayan fage. Ban taɓa amsa wa kowa ba. Ni kaina ban taɓa iya kallonsa har ƙarshe ba.

Baba ya yafe mini, da bakinsa ya faɗa wata rana a ƙofar sito, ya ce ya yafe amma ba zai ce bai ji ciwo ba. Daga nan har shekarar da ya koma gida, lokaci zuwa lokaci in na zo wucewa sai ya ɗaga mini hannu in tsaya. Ya matso jikin taga, ya duba ko ba kowa, ya ce, "Faɗa mini." Ni kuma in kashe mota in faɗa masa kalmomi huɗun nan.

Abin da na koya ban koye shi da arha ba. In aka ba ka amanar abin da ba ka san kansa ba, dabarar sana'arka ba ta da aiki a wurin, ka kai wa masu shi ka naɗe hannu. Kuma ihun jama'a kada ya sa ka manta da mutum ɗaya da ya saki abinsa a hannunka da ƙyar. Mu dubbai mun samu awa biyunmu muna ta murna, shi minti biyu ya roƙa, su ne kuma na hallaka masa saboda na kasa jiran a idar da sallar azahar.